Iyakar Lallena a Ƙafar Inna Rabi

Kusan kowane mako sai wata yarinya ta yi sallama a ƙofar ɗakina a nan Kaura, da waya a hannu, ta nuna mini hoton zanen fulawa, ta ce in koya mata kunshi kafin Sallah. Nakan karɓi wayar in yaba zanen, sannan in miƙa mata roba da ruwa in ce ta fara da wanke ƙafar matar da ke zaune tana jira. Yawancinsu ba sa dawowa. Saboda su nake wannan rubutu, tunda ban iya doguwar magana da baki ba.

Ni ma da robar ruwa na fara. Da na gama kwalejin ilimi na zauna jiran aikin koyarwa, aikin bai zo ba, sai Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta ce in riƙa ɗaukar mata kwando. Shekara guda cur ban shafa wa kowa lalle ba. Daka nake yi da tankaɗe da wankin ƙafa. A cikin kwandon akwai wata ƙaramar ƙwarya da ta yi baƙi saboda daɗewa, da garin lalle a ƙulle cikin tsumma, da gishirin lalle wanda ke mayar da ja ya koma baƙi, da lemun tsami mai sa lalle saurin kamawa. Akwai salatif da almakashi na yanka zane, da ledoji, da tsummokaran ɗauri. Can ƙasa kuma dutsen goge kaushi ne da reza. Kasko ba ma ɗauka, kowane gida da nasu.

Aikin kansa ba ya da wuyar faɗa. A wanke ƙafa, a goge kaushi da dutse, inda ya yi kauri a fere shi da reza. A liƙa zane, a shafa lalle, a rufe da leda, a ɗaure da tsumma. Daga nan sai zama, tun hantsi har azahar. Idan gari da sanyi lalle ba ya saurin kamawa, sai a jawo kasko da garwashi a kara ƙafar kusa da shi. Doka ɗaya ce Gwaggo ba ta wasa da ita: ba a kwance kunshi kafin lokacinsa. Iska na shiga zai fito dabbare-dabbare, kuma ƙafar nan za ta yi wata biyu tana yawo gidajen biki da sunanki a jikinta.

"Amarya sau guda taka zuwa," in ji Gwaggo. "Tsohhi su ka riƙe mai kunshi."

Da ta rasu, kwandon ya dawo hannuna tare da gidajen da take zuwa: na cikin Kaura, da na Kasuwar Daji, da gida biyu a Shinkafi, da ɗaya a Zurmi. Ni kaɗai nake bin su a bayan ɗan kabu-kabu, kwando a cinya, gonakin gero na wucewa ta gefe. Sana'a ce ta sunkuyo. Akwai matan da zan iya gane su da dugadugansu, amma in mun haɗu a kasuwa sai sun fara gaishe ni. Ranar biki a ɗakin baya ake ajiye ki, kuma kafin a fara kiɗa kin kama hanyar gida da jajayen yatsu.

Gidan Zurmi na Inna Rabi ne. A da tana yin man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu maza aiki ya ɗauke su, ɗaya yana Gusau, ɗaya yana kudu. Ɗaki huɗu ne a gidan, ɗaya kawai ake buɗewa. Tana da ciwon suga, na sani, domin ƙwayoyinta na nan a kan taga, tana sha idan ta tuna. Ban taɓa tunanin wannan ya shafi aikina ba.

Ba ta son fulawa. Kunshi irin na mutanen da can take so: tafin ƙafa baƙi wuluk, ya hau gefe da faɗin yatsa ɗaya, yatsun kuma a tsoma su zuwa gaɓar farko, layi ya miƙe kamar an ja da zare. Na fi jin daɗin ƙafarta a kan ta kowa, don ba ta motsi. Sauran mata da dutse ya taɓa tsakiyar tafinsu sai dariya da shure-shure, wata har ta zubar mini da ruwa. Ita kuwa ko reza na sa, hirarta take yi.

"Ni ƙahwata ta yi hankali, ɗiyata," takan ce. "Ko ƙaya na taka sai dai in gan ta da ido."

Nakan yi dariya. Har misali nake ba wa sauran mata da ita, in ce su koyi haƙurin Inna Rabi.

Aikin da nake so ku ji a cikin damina na yi shi, saura kwana uku Babbar Sallah. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, tsakar gidan duk laima. Ina fere kaushin dunduniyarta ta hagu sai reza ta ɗan zarce, jini ya fito siriri kamar zare. Na danna lalle a wurin, yadda na ga ana yi tun ina yarinya. Na gama shafawa, na ɗaure, na kwantar da turmi na ɗora ƙafafunta a kai, na turo kasko ƙarƙashinsu. Ta shiga ba ni labarin lokacin da jirgin ƙasa ke zuwa Kaura, tana 'yar yarinya suna rakiyar buhunan gyaɗa, da yadda ta toshe kunnuwa ranar da ta fara jin kukansa. Ni kuma na jingina da bango ina kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo, hankalina ya bi jirgin.

Warin leda ne ya dawo da ni. Na janye kaskon, na taɓa ɗaurin ƙafar hagu, sai da na fizge hannuna.

"Inna, ba ki ji zafi ba?"

"Wane zahi? Maido shi, lallen bai kama ba."

Na ɗora yatsuna a kan ƙullin tsumman. Ina tuna wannan sosai, ƙullin ya jiƙe, ya yi tauri. Idan na kwance, kunshin ya lalace, kuma babu ranar sake shi kafin Sallah. Gida biyu na jirana a Kasuwar Daji, ɗan kabu-kabu yana ƙofa, ba wanda ke so la'asar ta same shi a kan hanyar nan. Ita kuma mai ƙafar ta ce ba ta ji komai ba. Na ɗauke hannuna. Na ce ta kwance da kanta idan an kira azahar, na ɗauki kwando na fita.

Bayan kwana tara maƙwabciyarta ta kira ni a waya ta ce in zo. Tun daga bakin ƙofar ɗaki na ji warin. Ƙafar ta kumbura har tana sheƙi, kuma a kanta take yawo a tsakar gida ba takalmi, ta shafa man shanu a inda ke ruwa. Abin da take ta maimaitawa shi ne ba ya ciwo. Na ce a kai ta asibiti a Kaura, inda zan iya jinyarta. Muka samu motar kasuwa.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu Sista Luba ce, gajeriyar mata mai tabarau, 'yar Shinkafi. Ta wanke ƙafar, ta daɗe tana juya ta, sannan ta kira likita. Shi ma ya duba, ya haska da fitila, ya miƙe tsaye. Ya ce naman da jini ya daina isa gare shi baƙi yake komawa, kuma dole su san iya inda ya kai. Idan a yatsu ya tsaya, yatsu za a cire. Idan yana hawa, sai a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Amma ga shi ƙafar duk baƙa ce, da ido ba a rarrabe na ciwo da na ado.

"Wa yay yi mata wanga kunshi?" Sista ta tambaya.

"Ni ce."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta zaro biro daga aljihu ta miƙo mini.

"To taho ki gwada muna inda naki yat tsaya."

Na durƙusa a kan simintin. Na bi layin da gindin biro, daga dunduniya, ta gefen ƙafa, har zuwa yatsu. Hannuna ya san shi, ko ido rufe zan bi. A babban yatsa baƙin ya tsaya a gaɓar farko, a na biyu da na uku ma haka. A ƙananan yatsu biyu na ƙarshe ya wuce gaɓar, ya cinye su gaba ɗaya, ya fara leƙa bayan ƙafa. Launinsa ma daban ne. Baƙin lalle yana da ja a ƙarƙashinsa, kamar garwashin da bai mutu ba. Wannan kuwa ba komai a ƙarƙashinsa.

"Nan ba nawa ba ne," na ce.

Sista ta karɓi biron ta zagaye wurin da layi. Ta ce kowace safiya za mu duba ko ya ƙetare.

Da suka fita, Inna Rabi ta kama bakin mayafina. "Habiba, kar ki bari su tahi da ita. In babu ƙahwa, Gusau za su kai ni su aje bisa bene. Wa na sani can?"

Mako huɗu muka yi a asibitin. Ɗanta na Gusau ya zo ya yi kwana biyu, ya sayi magunguna, aiki ya kira shi ya koma. Ni ke kawo ruwa, ni ke wanke kwano. Kowace safiya idan Sista ta zo buɗe bandeji nakan tsaya a bayanta, idona a kan layin biro. Ana ba ta allurai, ana auna sugan, ana wanke ciwon. A rana ta uku aka cire yatsun biyu. Ƙunar tafin ƙafar da yankan rezata kuwa sun fi komai jan lokaci, tsoka na cikowa kaɗan-kaɗan kamar ba ta so.

Wata safiya Sista ta ce wa Inna ta rufe ido. Ta sa kan yatsanta ta taɓa saman babban yatsan ƙafar dama, mai lafiyar, a hankali.

"Kin ji, Inna?"

"Ai ba ki taɓa ba tukuna."

Ta taɓa na tsakiya, ta taɓa ƙaramin. Inna na nan ido rufe tana jira. Sista ta juyo gare ni. Ta ce idan suga ya daɗe yana hawa a jiki, yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Sai mutum ya taka wuta bai sani ba, kuma idan ya ji rauni ya ƙi warkewa da wuri.

"Jin zahi shi ka gadin ƙahwa," ta ce. "Ita nata mai gadin ya daɗe da tahiya, ke kuma kina yaba mata haƙuri. Ku masu kunshi kun hi mu ganin ƙahwahun matan ƙasag ga. Mu sai ta ruɓe aka kawo muna."

Daga ranar na riƙa bin ta gado-gado idan ta yarda, ina riƙe mata tire, ina kallon yadda take buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne koyon sana'ata na biyu, kuma ya fi na farko gajarta da nauyi.

Baƙin bai ƙetare layin ba. Aka sallame mu da sharaɗin a ci gaba da wankin ciwo a can kusa da ita. Na mayar da ita Zurmi da takalmi rufaffe mai laushi, da fararen safa guda uku, don ko ɗigon jini ne ya fito a gan shi, da ƙaramin madubi na duba tafin ƙafa tunda sunkuyo na yi mata wuya. Na zauna na yi ta nanata mata abin da Sista ta koya mini. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, ko daga ɗaki zuwa madafa ne. Ta zazzage takalmin kafin ta sa, saboda tsakuwa da ƙarangiya. Ruwan wanka ta gwada shi da gwiwar hannu. Bayan kowace alwala ta tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, don laimar da ke kwana a wurin ita ke fara cin fata. Mai a dunduniya da bayan ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Ba reza, ba kasko. Ƙwayoyin kan taga kuma kullum, ba sai ta tuna ba. Ko ƙurji ta gani kamar ƙwayar gero, ranar za ta nemi asibiti.

"Kin koma uwata ke nan," ta ce. "To na ji, Hajiya."

Na yi mata alkawarin dawowa bayan mako biyu. Kafin su cika aka katse layukan waya saboda halin da ake ciki na 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Hanyar Zurmi ta zama sai wanda ya zama masa dole. Wannan ce muguwar shekarata. Biki ya yi wuya, wanda aka yi ma a ɗaura aure ne kawai a watse. Garin lallena ya daɗe a tsumma har ƙamshinsa ya fita. Nakan zauna a bakin ƙofa in ga rana ta taso daga kan katangar maƙwabta ta bi tsakar gida ta hau ɗaya bangon, ba wanda ya yi sallama. Ba ni da hanyar sanin ko ciwon Inna ya rufe ko ya sake buɗewa.

Mata ƙalilan da suka rage suna zuwa kuma na kore su da kaina, da tambaya. Na cire reza daga kwando. Duk macen da ta manyanta sai na tambaye ta ko an taɓa auna mata suga, ko tana yawan jin ƙishi da fitsari, ko tafin ƙafarta na yi mata kamar tana taka auduga. Sai na ce ta rufe ido na taɓa yatsunta. Idan ba ta ji ba, ba zan rufe mata tafin ƙafa da lalle ba, sai dai in wanke, in tsane, in yanke farce a miƙe ba tare da na shiga kusurwa ba, in ce ta je a duba ta. Wata Hajiya ta tashi ta sa takalminta ta ce ita mai kunshi ta zo nema, ba malamar asibiti ba. A unguwa aka sa mini suna likitar lalle, kuma ba yabo ba ne. Gidajen Shinkafi biyu ma, da hanya ta buɗe, na tarar sun samu wata mai kunshin. Har yau ban cike gurbinsu ba.

Sai bayan an gama girbin dawa na samu motar da za ta Zurmi. Mu shida ne a ciki, ba mai magana. A layin su Inna gidaje da yawa da kwaɗo a ƙofa. Na yi sallama sau biyu shiru. A ta uku na ji muryarta.

"In mai kunshi ce, ta makara da wata ukku."

Tana zaune a kan tabarma a inuwar bango, da takalmi a ƙafarta, a cikin gidanta. Ta rame. Muka gaisa, na tambayi maƙwabciyar nan, ta ce sun tashi sun koma Gusau tun watan jiya. Na ajiye kwando, na durƙusa, na cire mata takalmin, na juya safar na duba cikinta. Fara tas.

Ban taɓa ganin tafin ƙafarta ba lalle ba sai ranar. Fari ne, da 'yan layuka sirara kamar na tafin jariri. Wurin ƙunar ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi. Dunduniya ba faso. Na buɗa tsakanin yatsu, a bushe suke. A farcen babban yatsa kawai sauran aikina ya rage, rabin farce baƙi, rabi fari, sabon yana tura tsohon waje.

"Ƙirga," ta ce.

"Takwas."

"Haka kika bar su. Kullum da sahe ni da madubinki muka gaisawa, ba ni da wani abokin gaisuwa."

Na wanke ƙafafun da ruwa mai ɗumi kaɗan, na tsane, na shafa mai, na mayar da safa da takalmi. Duka bai fi minti goma sha biyar ba. Tana kallon kwandon.

"Ko ja ne ki ɗan sa min. Ba gishiri, ba kasko. Kamar ƙahwar gawa nika ganin ta haka."

"A'a, Inna. Duk abin da zai rufe mini fatar nan ba zan sa ba. Ke ma da madubin me za ki gani?"

Ba ta yi gardama ba. Ta gyara zama ta kalli bangon da ke gabanta.

"To kin gama ke nan. Da can tun hantsi har azahar kika yi nan."

Mota ba za ta koma Kaura ba sai bayan azahar, amma ban faɗa mata haka ba. Na jawo kwando na fito da ƙwaryar Gwaggo, na zuba garin lalle zalla, na kwaɓa da ruwa. Na ce ta kawo hannu. Na duba tafin da yatsun, ba rauni, na matsa kowanne ta ce ta ji. Na shafa wa na dama na ɗaure, sannan na ce ta kawo na hagu.

"Duka biyu? Da mi za ni cin abinci?"

"Ni zan ba ki."

Ta miƙo hannun. Na kai nawa cikin kwando zan ɗauko lemun tsami in matsa a sauran lallen, sai ta tare ni da ɗaurarren hannunta.

"Bar lemun nan," ta ce. "Ƙyale shi ya kama sannu."